Trevor Noah

Trevor Noah ɗan barkwanci ne kuma mai gabatar da shirin tele, ɗan ƙasar Afirka ta Kudu, an haife shi ranar 20 ga Fabrairu 1984 a Johannesburg. Abin da ya fi fito da sunan shi duniya shi ne shirin The Daily Show na tashar Comedy Central a Amurka, wanda ya riƙa daga 28 ga Satumba 2015 har 8 ga Disamba 2022. Shirin hira ne na dare, ana ɗaukar shi a New York, ana sa shi ƙarfe 11 na dare agogon can daga Litinin zuwa Alhamis, wato mu nan Maradi wajen ƙarfe 4 ko 5 na asuba kenan, shi ya sa kusan duk wanda ya san Trevor a garin nan ba a tele ya san shi ba, a waya ne, guntun bidiyo na YouTube ko Facebook da wani mai jin Ingilishi zai kunna a fada ana dafa shayi yana fassara ma sauran.

Irin wannan shiri tsarin shi kusan ɗaya ne. Mai gabatarwa yana zaune bayan tebur, ga 'yan kallo a zaune gaban shi, ya ɗauko labaran da suka faru a ranar ya yi ta yi musu shaƙiyanci, shugaban ƙasa ne ko ɗan majalisa ne ba ruwan shi, daga baya a kawo baƙo a yi hira. In za a kwatanta da namu, to tsakanin ɗan kama ne da wawan sarki, mai faɗa ma sarki abin da fadawa ke tsoron faɗi kuma a yi dariya a wuce.

Haihuwa da ƙuruciya

Uwar shi baƙar fata ce 'yar ƙabilar Xhosa, uban kuma bature ne ɗan Suwizilan mai jin Jamusanci. A lokacin ana mulkin wariyar launin fata, kuma doka ta hana tarayya tsakanin bature da baƙar fata, laifi ne da ke kai mutum gidan kaso, sai a 1985 aka soke wannan dokar, Trevor na da shekara ɗaya. Wato yaron shi kanshi hujja ne a kan iyayen shi, ganin fatar shi kaɗai ya isa ɗan sanda ya gane abin da ya faru. Daga nan ya samo sunan littafin tarihin rayuwar shi da ya fito a 2016, Born a Crime, ma'ana wanda haihuwar shi ma laifi ce.

A littafin ya ba da labarin yadda uban ba ya iya tafiya kusa da shi a titi, uwar ma wani lokaci sai ta samu wata mace ruwa biyu ta riƙe hannun yaron kamar ita ta haife shi, ita kuma tana biye a baya kamar 'yar aiki. In an kai shi Soweto gidan kakar shi, ba a barin shi ya fita waje wasa da yara don kar a ɗauke shi. Kuma kakar nan da ke zane sauran jikokin ta shi ba ta taɓa shi, wai ba ta san yadda ake bugun ɗan bature ba, ka buge shi ya yi ja ya yi kore, abin tsoro yake ba ta.

To yaro ya tashi ba shi cikin baƙaƙe sosai, ba shi cikin turawa, su ma ruwa biyun da ke da unguwannin su da yaren su na Afrikaans ba su ɗauke shi nasu ba. Abin da ya cece shi harshe ne. Yana jin Ingilishi, Xhosa, Zulu, Sotho, Tswana, Tsonga da Afrikaans, duk wanda ya tare shi sai ya amsa mishi da yaren shi, mutum ya rasa inda zai aje shi. Wanda ya taɓa ganin ɗan kasuwar Maradi yana juya Hausa da Faransanci da Ingilishin Jibiya cikin ciniki ɗaya ya san amfanin wannan. Da ya zama saurayi ya yi sana'ar kwafar kasa-kasan CD yana saidawa, ya yi DJ a unguwar Alexandra.

A 2009 tsohon mijin uwar shi, wanda ta aura bayan haihuwar Trevor, ya harbe ta da bindiga a kai, harsashi ya shiga ta ƙeya ya fito ta hanci, Allah ya yi da sauran kwana ta rayu. Mutumin bai yi zaman kaso a kan wannan ba.

Fara aiki

Ya fara da ƙaramin matsayi a wasan tele mai suna Isidingo a 2002, ya yi shiri a gidan rediyon matasa na YFM, ya gabatar da shirye-shirye a tele, kafin ya koma barkwanci shi kaɗai a kan dandamali. A 2010 ya samu shirin dare nashi na kanshi a tashar M-Net. Ya koma Amurka a 2011, a Janairun 2012 ya fito a shirin dare na Jay Leno, shi ne ɗan barkwancin Afirka ta Kudu na farko da ya hau wannan dandamali, a 2013 kuma na David Letterman.

The Daily Show

Shirin ya fara a 1996, amma Jon Stewart ne ya ɗaga shi tun daga 1999, shekara 16 yana kai har wasu matasan Amurka a bakin shi suke jin labarai. Da ya ce zai sauka kowa na jiran a kawo wani babban suna, kwatsam ranar 30 ga Maris 2015 aka ce Trevor Noah, yaro ɗan shekara 31 wanda ya shigo shirin a Disambar 2014 kuma sau uku kacal aka gan shi a ciki. Nan take aka tono tsoffin rubuce-rubucen shi na Twitter da ya yi ba'a ga mata da Yahudawa, aka yi ca a kan shi, tashar dai ta tsaya mishi. Farkon hawan shi masu kallo a tele sun ragu, kuma gaskiya an ga yana ɗari-ɗari, rigar Stewart ta yi mishi yawa.

Inda ya samu bakin zaren shi ne da ya daina ƙoƙarin zama Ba'amurke ya riƙa kallon su da idon baƙo. Misali a Oktoban 2015, Donald Trump na yaƙin neman zaɓe Amurkawa na cewa ba su taɓa ganin irin shi ba, sai Trevor ya jero bidiyon Idi Amin da Mugabe da Gaddafi da Yahya Jammeh kusa da na Trump, cika baki iri ɗaya, yabon kai iri ɗaya, ya ce ai mu a Afirka mun san wannan mutumin tuntuni. A Disambar 2016 ya yi hira da Barack Obama a fadar White House. Lokacin korona daga Maris 2020 ya ci gaba da shirin daga ɗakin shi, ba kwat ba 'yan kallo, sai riga mai hula da suma da ya bari ta taru.

Rigimar shi da jakadan Faransa

Wannan ce ta fi shafar mu. Da Faransa ta ci kofin duniya a Yulin 2018, Trevor ya yi ba'a a shirin ya ce Afirka ce ta ci kofi, duba da su Mbappé da Pogba da Kanté da Umtiti. Jakadan Faransa a Amurka na lokacin, Gérard Araud, bai ji daɗi ba ya rubuto mishi wasiƙa, yana cewa kusan dukkan 'yan wasan a Faransa aka haife su, can suka yi lakwal, Faransawa ne cikakku, kuma kiran su 'yan Afirka tamkar goyon bayan masu cewa sai farar fata ne Bafaranshe. Trevor ya karanta wasiƙar gaban 'yan kallo yana kwaikwayon muryar Bafaranshe, sannan ya tambaya, me zai hana mutum ya zama duka biyun? Ya kawo zancen Mamoudou Gassama, ɗan Mali da ya hau bene a Paris a watan Mayu na shekarar ya ceto yaro aka ba shi takardun zama ɗan ƙasa, ya ce in baƙin mutum ya yi abin kirki ya zama Bafaranshe, in ba shi da aiki ko ya yi laifi sai a tuna ɗan ci-rani ne daga Afirka. Jakadan na da tashi hujjar, ba a raina ta ba, amma duk mai ɗan'uwa a Faransa ya san inda Trevor ya sa yatsa. Kuma mu da muka tashi cikin wasan taubasantaka, Bagobiri ya zagi Bazabarme tas a yi dariya a sha shayi tare, ba mu cika ganin abin rubuta wasiƙa a nan ba.

Sauka da bayan nan

Ranar 29 ga Satumba 2022 ya sanar a cikin shirin cewa zai bari bayan shekara 7, yana so ya koma yawon duniya da barkwancin dandamali. A shirin shi na ƙarshe ya yi godiya ta musamman ga mata baƙaƙen fata, ya fara da uwar shi da kakar shi. Shirin ya ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen tele a Janairun 2024 a kan zangon shi na ƙarshe. Daga 2021 zuwa 2026 ya yi ta gabatar da bikin kyautar mawaƙa na Grammy shekara bayan shekara, a Afrilun 2022 shi ya yi barkwanci a liyafar 'yan jaridar fadar White House Joe Biden na zaune, a 2023 aka ba shi kyautar Erasmus ta ƙasar Holan kuma ya buɗe shirin hira na murya a Spotify mai suna What Now? Yana da gidauniya da ya kafa a 2018 mai taimakon karatun yara a Afirka ta Kudu.