Waiwaye: Tafiyar bayani daga cikin kwamfuta zuwa ƙaramar wayar manomi

Saƙon tes ɗin da hukuma ko ƙungiya ke turo wa manomi a Kura ko Taura, na rabon taki ne ko na ranar rigakafi, ba haka yake zaune a cikin kwamfuta ba. A can kowane guntun bayani yana ɗaure da shaidarsa: wannan sunan gari ne, wannan kwanan wata, wannan adadi. Kafin ya iso hannun mai karatu, sai wata manhaja ta kwance alamomin ta jera kalmomin yadda mutum zai gane. Masu haɗa manhaja sun fi raina wannan mataki na ƙarshe, alhali a nan aka fi cutar mai karatun Hausa.

Asalin abin daga maɗaba'a yake. Edita kan bi rubutu da alƙalami yana yi wa mai jera haruffa alama, nan a girmama, nan a buɗe sabon sakin layi. Da kwamfuta ta shigo sai aka mayar da alamomin cikinta, amma kowace na'ura da nata salon, rubutun da aka shirya wa wannan ba ya yi wa waccan amfani. A 1969 wasu ma'aikatan kamfanin IBM su uku a Amurka, Charles Goldfarb da Edward Mosher da Raymond Lorie, suka fito da tsarin GML. Goldfarb lauya ne, takardun shari'a ne suka kai shi ga wannan aiki. Dabararsu ita ce a daina gaya wa na'ura yadda rubutu zai fito, a gaya mata ko mene ne shi. Maimakon "yi manyan haruffa", sai a ce "wannan take ne". Yadda taken zai bayyana a takarda ko a allon kwamfuta, wannan aikin wata manhaja ce daban. Daga ranar da aka raba waɗannan biyun, juya bayani zuwa rubutu ya zama sana'a mai zaman kanta.

A 1986 tsarin ya zama ma'aunin duniya da sunan SGML, sai dai ya yi nauyi, manyan ma'aikatu da kamfanonin ɗab'i ne suka fi iya ɗaukarsa. Tim Berners-Lee ya ɗebi kaɗan daga cikinsa a cibiyar CERN da ke Switzalan ya gina HTML, wanda shafukan intanet ke tsaye a kai tun 1991. Shekara guda bayan haka aka samar da Lynx a Jami'ar Kansas, manhajar da ke nuna shafi da rubutu zalla babu hoto. A watan Fabrairun 1998 ƙungiyar W3C mai tsara ma'aunan shafukan intanet ta fitar da XML, wato SGML da aka rage wa kaya, sannan a Nuwamban 1999 ta biyo da XSLT, wanda James Clark ya tsara takardarsa. Aikin XSLT shi ne ainihin abin da muke magana a kai: ka rubuta masa ƙa'ida cewa idan ya ga alama kaza ya fitar da kaza, ya kuma ba ka zaɓin fitar da XML, ko HTML, ko rubutu tsagwaronsa.

Duk wannan ya iso ƙauyukanmu ba tare da an yi shela ba. Wayar salula ta tsarin GSM ta shigo Najeriya a 2001. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, aka fara sanar da manoma rabon taki da iri ta saƙon waya. Ita kuwa manhajar ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington a 2008, ita da 'yar'uwarta KoboToolbox su ne ma'aikatan lafiya da masu ɗaukar bayanai ke yawo da su gida-gida. Duk fom ɗin da aka cike a zauren mai unguwa, wayar tana ajiye shi ne a tsarin XML, sai daga baya a juya shi ya koma jadawali ko rahoto.

Ga inda gizo ke saƙar. A ce an ajiye bayani kamar haka: <kasuwa>Gujungu</kasuwa><kaya>gero</kaya><awo>kwano</awo>. Mai gaggawa yakan umarci manhaja ta share duk abin da ke tsakanin alamomin nan masu tsini, sai sakamakon ya fito "Gujungugerokwano". Da kalmomi ne kaɗai da sauƙi, mutum zai lalubo. Amma idan lambobi ne, farashin gero da na dawa da kwanan wata suka manne da juna fa? Tamkar a goge shaidar da ke jikin buhuna ne a Dawanau: hatsin yana nan bai ragu ba, amma ba mai sanin na wane ne. Alamar ba ado ba ce, ita ke riƙe da ma'anar. Manhaja mai kyau tana karanta tsarin ne tukuna, ta san wanne ne ke cikin wanne, sannan ta gina jimla: gero a kasuwar Gujungu, kwano kaza.

Matsala ta biyu tamu ce mu Hausawa. ASCII, ma'aunin haruffan kwamfuta na 1963, yana da gurabe 128 kacal, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, duk da cewa da su ake buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya tun kafin a san kwamfuta. Unicode, sabon ma'aunin haruffan da ya fito a 1991, ya ba su gurbi, kuma XML ya karɓi Unicode tun ranar farko. Saboda haka a cikin rumbun bayanai haruffanmu suna da wurin zama. A bakin fita ake ɓata su. Wani lokaci ƙ kan fito a matsayin ƙ domin manhajar ba ta mayar da lambar zuwa harafi ba. Wani lokaci ta fito Æ™, idan an rubuta ta da UTF-8, wata hanyar ajiye haruffan Unicode, aka karanta da tsohon ma'aunin Windows. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan ƙazanta a tsakiyar labari ya ga aikin da ba a gama ba.

A saƙon tes kuma akwai batun kuɗi. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 idan duka suna cikin jerin haruffan GSM. Da zarar ɗ guda ta shiga, dole a koma wani ma'aunin da ke ɗaukar 70 kawai, abin da zai tafi a saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku. Shi ya sa masu turo saƙonni da yawa ke cire ƙugiya, wasu ƙananan wayoyin ma akwati suke nunawa a madadin harafin. Ban ga laifin mai tattalin kuɗi ba idan ya san abin da yake yi, ya sa wanda ya iya Hausa ya duba ko "kasa" za ta rikita wanda ake nufin ya karanta "ƙasa".

Abin da ba zan lamunta ba shi ne a cire ƙugiyar tun daga rumbu don a huta da wahalar bakin fita. Tun 1969 manufar ita ce a ajiye bayani cikakke, a rage shi kawai a lokacin fitarwa, gwargwadon na'urar da zai je. Daga Haɗeja manhaja za ta iya samar da Hadeja cikin ƙiftawar ido, amma daga Hadeja ba ta da hanyar sanin akwai ƙugiyar da aka jefar. Idan wani mai ɗaukar bayanai ya rubuta Ƙaraye, wani ya rubuta Karaye, kuma ba a ajiye jerin sunaye guda da kowa zai zaɓa daga ciki ba, kwamfuta garuruwa biyu take gani, sai yaran da aka yi wa rigakafi a gari ɗaya su rabu gida biyu a rahoton da za a kai hedikwatar ƙaramar hukuma.