Waiwaye: Wutar sola a arewacin Nijar, daga talabijin ɗin makaranta zuwa batirin da zafi ke cinyewa

Jihar Agadas ta cinye fiye da rabin ƙasar Nijar, amma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. Daga birnin Agadas zuwa Bilma tafiyar fiye da kilomita 500 ce cikin rairayin Tenere. Babu lissafin da zai sa a kafa turaku a ja waya irin wannan nisa don gidaje 'yan ɗaruruwa. Shi ya sa wutar arewa ta daɗe a rabe: tashar kwal ta Sonichar da ke Anu Araren, wadda ta fara aiki a 1981, tana ba Agadas da Arlit, su kuma garuruwan Kawar, wato yankin Bilma, da na tsaunukan Azbin sai janaretan dizal da ake kunnawa na 'yan awoyi, man ma sai an yi dakonsa a manyan motoci. Rugage da zangon makiyaya kuwa sai tocila.

Nijar ba baƙuwar sola ba ce. Tun 1965 ta kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, wanda Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, ya jagoranta daga 1969 zuwa 1985. A can aka riƙa ƙera murhun rana da tankin ɗumama ruwa da na'urar tace shi. A 1968 aka kunna talabijin ɗin koyarwa da faifan sola a wata makaranta kusa da Yamai, a lokacin da galibi sai a jikin tauraron ɗan'adam ake ganin irin wannan faifai. A farkon shekarun 1990 shirin sola na CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, da kuɗin Tarayyar Turai, ya kafa famfunan ruwa a ƙauyukan Sahel.

Wannan zamanin ya bar darasi a fili. Famfo ya fi fitila daɗewa, domin ba ya bukatar batir: rana ta fito ya ɗebo ruwa ya cika tanki, tankin shi ne ma'ajiya. Duk inda aka haɗa da batir kuwa, nan ake samun matsala, kuma har gobe haka ne.

Dalilin zafi ne. An auna kwanan batirin ruwa, wato irin na mota, a kan digiri 25 ne, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansa. Ɗakin kwano marar taga a watan Mayu ya kan wuce digiri 45, wato batirin da ya kamata ya shekara takwas sai ya mutu cikin biyu. Ga shi ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, amma da zarar an ƙara firji ko fanka a kan layin da aka yi wa lissafin fitila, kullum dare sai an tatse shi tas. Ruwansa yana ƙafewa da sauri, in babu ruwan batir na ainihi sai a zuba na rijiya, gishirin da ke ciki ya lalata farantan. Shi faifan kansa yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane digiri sama da 25, ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe shi. Maganin nan mai sauƙi ne, a share da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, a kuma ɗaga faifan ya samu iska ta ƙarƙashi. Sai dai dole a samu wanda aka ɗora wa aikin, ana biyansa.

Abubuwa biyu suka sauya lissafi. Farashin faifai ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, sannan batirin litiyam ya shigo kasuwa. A ɗauki ƙauye mai gida 100, kowane gida yana shan wat-awa 300 a rana na fitila, cajin waya da fanka: jimilla kilowat-awa 30. Da awa 5 na rana mai ƙarfi, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na asarar zafi, ƙura da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida), ana bukatar faifai na kilowat 8. Idan kashi biyu cikin uku da dare ake sha, batirin ruwa sai ya kai kilowat-awa 40, na litiyam kuwa 25 ya isa, domin shi ana iya zuƙe shi fiye da rabi. Firjin rigakafi ma yanzu akwai wanda ke daskarar da ƙanƙara da rana ya riƙe sanyi har wayewar gari, ba batir ko ɗaya.

Gwamnati ta kafa hukumar wutar karkara, ANPER, a 2013, kuma shirin wutar sola na Bankin Duniya, NESAP, da aka amince da shi a 2017 ya haɗa da ƙara sola a tashoshin dizal na garuruwan nesa. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 ta zo a 2018, ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023, shekarar da Najeriya ta katse wutar da ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na bukatar ƙasar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Tashoshin nan biyu manyan ayyuka ne, amma wutarsu layin kudu take bi, ba ta isa garuruwan arewa irin Dirku ko Timiya.

A ganinmu, abin da ya rage shi ne kuɗin shekara ta biyar zuwa ta goma. Mai ba da tallafi yana sayen kaya ya tafi, canjin batir da inbata ya faɗo kan mutanen gari. Ƙaramar tasha tana tsayuwa da ƙafarta ne idan akwai mita ta biya-kafin-sha, da asusu na musamman da ba a taɓa shi sai don batir, da masu sana'ar da ke shan wuta da rana tsaka, kamar injin niƙa, walda, ƙanƙara da ban-ruwan lambunan albasa na Azbin, domin wutar rana ba ta bi ta batir, ita ce mafi araha. Makiyayin da ke tashi da dabbobinsa kuma waya ba ta bin sa: abin da ya dace da shi faifai ne na wat 20 zuwa 50 da ake ɗaurawa a kan raƙumi, da mai gyara da kayan gyara a kasuwar da yake ci, ba sai an aika Yamai ba.