Baƙin Mai Ba Ya Maganin Kukan Bel

A tashoshin ƙauye, daga Ringim har Gumel, da bel ɗin injin ya fara kuka da safe sai direba ya ɗiga masa baƙin mai. Ƙarar takan lafa, amma ɓarna aka yi. Zamewa ce ke sa bel kuka, mai kuwa santsi yake ƙara masa, ya kuma cinye robar. Daga nan batir ya daina caji, domin bel ne ke juya na'urar cajinsa, a wasu motocin inji ya ɗau zafi.

Kashe mota, ka danna tsakiyar bel da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita 1, a ɗaure shi. In ya tsattsage ko yana sheƙi, sai sabo. In kukan bai tafi ba, bakanike ya cire bel, ya juya ƙafafun da yake hawa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Wadda ke gurnani, boris ɗinta, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da take juyawa a kai, ya mutu.