Matsalolin jinyar egzima mai naci

Egzima mai naci, wadda likitoci ke kira atofik damatayitis, ciwon fata ne mai tsananin ƙaiƙayi da bushewa, wanda yakan lafa ya sake tashi. Galibi yana farawa tun ana jariri, a kumatu, daga baya ya koma lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa. Ba a ɗaukarsa daga wani. Yakan bi jini, musamman a zuriyar da ake fama da asma. A 2006 aka gano cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin filagirin tana raunana saman fata, danshi ya tsere, abubuwan da ke tunzura ta su shiga.

Matsala ta farko ita ce ganewa. Babu gwajin jini da ke tabbatar da ciwon, likita da idonsa da tambayoyinsa yake aiki, bisa sharuɗɗa irin waɗanda wasu likitocin fata biyu, Hanifin da Rajka, suka tsara a 1980. Ma'aunan tsananinsa suna dogaro da jan fata, alhali a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Wurin sai ya yi duhu ko toka-toka, ko ya fesa ƙananan ƙuraje, sai a raina ciwon da ya hana yaro barci. Akan kuma rikita shi da ƙazwa ko makero. A Najeriya ma mutane da yawa in sun ce egzima, ƙyasbi suke nufi, wanda maganinsa daban ne.

Jinyar ita ta fi wuya, domin ba a warkewa tas, lallaɓawa ake yi. Tushenta shafa mai kullum, ko bazilin ne ko man kaɗe, da zarar an fito wanka, balle lokacin hunturu. In ciwon ya tashi sai a shafa man sitiroyid, maganin da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Man da aka matso a kan ɗan yatsa, daga tsininsa zuwa gaɓar farko, ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba. Wasu iyaye tsoron man suke yi, su daina tun fata ba ta lafa ba. Wasu kuma su sayi mai ƙarfi irin kulobetasol a kemis, wanda ake samu a mayukan bilicin, su yi ta shafawa a fuskar jariri har fatar ta sirance. Abin tausayi ne, domin duka biyun neman sauƙi suke wa ɗansu.

Susa tana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, wurin ya yi ruwa ko mugunya. Ga masu ciwo mai tsanani akwai allurar dupilumab, wadda Amurka ta amince da ita a 2017, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin yawancin marasa lafiya, kuma a Najeriya likitocin fata kaɗan ne, akasarinsu suna manyan asibitocin birane.