Bindigar da Mamaci Ya Bari: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Dokar Najeriya

Shin lasisin bindigar mamaci yana komawa ga magadansa?

A'a. Dokar Bindigogi ta Najeriya, wadda ta fara aiki a 1959, tana ba da lasisi ne ga mutum guda da sunansa, saboda haka ba a gadonsa. Bindigar kanta tana cikin dukiyar da za a raba, amma alƙalin da ya raba gado mallaka kawai yake tabbatarwa, ba shi da hurumin bai wa kowa izinin riƙe makami.

Har tsawon yaushe iyali za su iya ajiye ta a gida?

Kwana 14 daga ranar rasuwa. Wannan dama ta wanda kayan mamacin ke hannunsa ce bisa ƙa'ida, ko wanda aka yi wa wasiyyar bindigar, kuma sai idan mamacin yana da lasisinta. Ko a cikin waɗannan kwanaki, Sufeto Janar na 'Yan Sanda yana da ikon karɓe ta ya ajiye a rumbun makaman gwamnati har sai an sami sabon lasisi. A nan ne nake jin tsoro ga gidaje da yawa, domin wa'adin yakan cika ana karɓar masu ta'aziyya, rabon gado kuwa sau da yawa sai bayan sadakar arba'in, wani lokaci ma sai mata sun fita takaba. Bindiga mai baki biyu tana jingine a bayan ƙofar turakar maigida, harsasai suna cikin akwati tare da takardun gona, yara suna shiga suna fita, babu wanda ya tuna da ita. Ya kamata babba a gidan ya nemo lasisin mamacin tun a makon farko, ya sanar da 'yan sanda a rubuce, kuma idan sun karɓi bindigar ya nemi takardar shaida mai ɗauke da lambarta.

Wa zai bai wa magaji sabon lasisi?

Ya danganta da irin bindigar. Adaka da sauran bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki suna ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, bindigar farauta ta zamani kuma tana ƙarƙashin Sufeto Janar. Ƙaramar bindiga ta hannu da bindigogin soja haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma riƙe su ba izini yana jawo ɗaurin aƙalla shekara 10. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda aka hukunta da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

To, idan babu magajin da ya cancanta fa?

Sai masana su yi mata kuɗi, a sayar wa dillali mai rajista ko wanda ya nuna lasisinsa, a zuba kuɗin cikin dukiyar da za a raba bayan an biya bashi an fitar da wasiyya. Idan kuwa mamacin ba shi da lasisinta tun farko, babu rangwamen kwana 14 ɗin, sai a nemi shawarar lauya a miƙa ta ga hukuma ba tare da jinkiri ba.