Waiwaye: Waƙoƙin Titi da Sojojin da Sarki Ya Manta da Su

A Ingila ta ƙarni na 17, wani kaso na labarin da talaka ke ji daga waƙar titi yake fitowa. Takarda ce guda, baitoci a fuska ɗaya, da ɗan zane, da sunan tsohon karin da za a rera ta da shi. Mai talla ya tsaya bakin kasuwa ko ƙofar mashaya ya rera, wanda ta burge ya ba da kwabo, ya kai gida ya manna a bango.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa, waƙoƙin suka shiga siyasa tsundum. Wajen 1643 wani marubucin waƙoƙi mai suna Martin Parker ya tsara wadda ta fi kowacce yaɗuwa, mai cewa babu zaman lafiya sai sarki ya koma kan gadonsa. Bayan an fille kan sarkin a Janairun 1649, gwamnati ta yi dokar hana tallar irin waɗannan waƙoƙi, har da bulala. Ba su mutu ba.

Ranar 29 ga Mayu, 1660, Charles na Biyu, ɗan sarkin da aka kashe, ya shiga Landan ya hau gadon ubansa, aka cika gari da waƙoƙin murna. Murnar ba ta daɗe ba. Dokar afuwa ta wannan shekarar ta yafe wa yawancin abokan gaba, amma wanda ya sayar da gonarsa don biyan tarar goyon bayan sarki, ba a mayar masa ba. Janar Monck, wanda ya yi wa Cromwell, jagoran abokan gaban sarki, aiki, shi ya samu babbar sarauta.

Daga nan waƙoƙin suka koma kuka, kuma a ganina nan ne suka fi daraja. Za ka ji tsohon sojan sarki da yagaggiyar riga ya je fadar sarki ta Whitehall, ya duba gabas da yamma bai ga fuskar da ya sani a fagen fama ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1662 Majalisa ta ware fam 60,000 ga hafsoshin sarki da suka talauce, mutum sama da 5,000 suka nemi kaso. Ƙananan sojoji kuwa sai dai su je gaban alƙalan gunduma, su nuna tabon harsashi, su roƙi ɗan fansho. Gidan tsofaffin sojoji na Chelsea, da sarkin ya kafa a 1682, sai 1692 ya buɗe, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.