Takardar neman bayani kan masu son rage zafin rana: me dokar Amurka ta ce?

A watan Afrilun 2025, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, ta aika wa wani ƙaramin kamfani mai suna Make Sunsets takarda tana neman ya yi mata bayanin aikinsa cikin kwana 30. Kamfanin yana ɗura iskar salfa a balan-balan, ya sake su su lula can ƙololuwar sama su fashe, domin ƙwayoyin da suka bazu su tare wani kaso na hasken rana. Daga nan sai ya sayar wa mutane shaidar cewa ya taimaka wajen sanyaya duniya.

Daga dutse mai aman wuta aka samo dabarar. Da Pinatubo na ƙasar Filifins ya yi aman wuta a 1991, ya watsa miliyoyin tan na wannan iska, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri na fiye da shekara guda.

Hukumar ta kafa hujja da Sashe na 114 na Dokar Tsabtar Iska. Sashen ya ba ta ikon tilasta wa duk mai fitar da gurɓatacciyar iska, ko wanda take ganin yana riƙe da bayanin da take bukata, ya ajiye lissafi, ya auna abin da yake fitarwa, ya kuma kawo rahoto. Takardar ba hukunci ba ce, ba ta kuma dakatar da aikin kowa. Amma wanda ya yi kunnen uwar shegu da ita zai iya shan tara, wanda ya shirga ƙarya da gangan kuwa ya aikata babban laifi.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne tanadin da sashen ya yi wa jama'a. Bayanan da aka karɓa, mutane na da damar ganinsu. Kamfani na iya roƙon a rufa masa asirin kasuwancinsa, amma adadin abin da ya zuba a iska ba ya cikin abin da ake ɓoyewa. Wannan daidai ne, don iskar ba gadon wani ba ce.

Akwai kuma wata doka ta 1971 da ta wajabta wa mai shirin sauya yanayi ya sanar da NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ƙa'idar kuma ita ce kwana 10 kafin ya fara. Sanarwa kawai. NOAA ba ta ba da izini, ba ta hanawa.

Nan gizo ke saƙar, domin haɗarin ba ƙarami ba ne idan aka yi aikin da yawa. Salfa na iya jinkirta farfaɗowar rigar ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Tana iya dagula damina a sassan Afirka da Asiya, inda manoma ba su da ta cewa a kan abin da aka harba daga wata nahiya. Ba ta rage iskar kabon da ke ɗumama duniya ko kaɗan. Kuma idan aka daɗe ana yi aka tsaya kwatsam, zafin da aka danne zai dawo cikin 'yan shekaru, da saurin da shuka da dabba ba za su iya jurewa ba.

Wasu sun ga tambaya kaɗai ba ta wadatar ba. Mekziko ta bayyana a Janairun 2023 cewa za ta haramta irin wannan gwaji, bayan kamfanin ya saki balan-balan a jiharta ta Baja Kalifoniya ta Kudu ba tare da neman izini ba. A Amurka kuwa, jihar Tenesi ta kafa dokar hani a 2024, Fulorida ta bi sahu a 2025.